Tsagar Bango

Shekara huɗu na yi a ɗakin nan na Ketu,
hawa na biyu, dab da tankin ruwa,
inda ihun yaran danfo ke riga ladan tashe ni.
Ranar shiga na ƙirga wa Baba Oyelaran dubu sittin,
ban da haya, ban da na dillali, ban da na takarda.
Ya ce sunan kuɗin koshon, ajiya ce kawai,
ranar fita ka karɓi abinka.
Ni kuwa kunnena ƙoshi ya ji.
Ashe kunnen ya fi ni ganewa:
akwai mai ƙoshi, amma ba ni ba.

Ranar fita muka share, muka wanke.
Tabawa ta kankare baƙin risho da yashi
har farcenta biyu suka karye.
Na miƙa makulli da hannu biyu.
Baba ya ɗaga kai, ya nuna bango da leɓe:
"Wannan tsagar fa? Ita ta cinye kuɗinka."

Tsagar da na tarar!
Wadda nake cusa wa tsumma duk damina,
wadda kyankyasai suka mayar hanyar kasuwa.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
to ni ne mai ɗakin, shi mai gidan ne kurum.

Dawo gobe. Dawo jibi.
Baba ya tafi Ijebu biki. Baba na barci.
Wata uku takalmina na gaida matakalar nan,
kuɗin mota kaɗai ya lashe rabin buhun albasa.
'Yan rumfarmu a Mil Sha Biyu suka ce,
"Tanimu, bar wa Allah, baƙo ba ya ja da ɗan gari."
Na san ana barin halas don kunya,
amma wace kunya ce tsakanina da guminna?

Ilu mai gyaran sikeli ne ya raɗa mini:
akwai ofishin sulhu, ba a biyan ko kwabo.
Na je ina ɗari-ɗari, na zauna a benci,
Turancina a dunƙule cikin aljihu.
Sai wata siririya mai tabarau ta ce,
"Malam, ina gajiya?"
Barista Morenike, haihuwar Gusau,
Hausarta har da gishirin Zamfara.

"Rasit?"
Na zaro shi daga gwangwanin maɓallan Tabawa,
ya yi ja, yana warin man kaɗanya.
"Shaidar cewa tsagar ta riga ka?"
Na yi shiru. Bango ba ya rantsuwa.

Da dare Tabawa ta tona tsohuwar wayarta.
Ga hoton sunan Saude, kwana tara da tarewarmu:
mata sun sha ɗauri, jaririya na hamma,
a bayansu kuwa, daga rufi har taga,
ga ta nan ta miƙe kamar kogi a taswira,
baƙuwar da ba mu gayyata ba.

Takarda mai hatimi ta yi abin da ƙafata ta kasa.
Baba ya zo cikin babbar riga, yana huci.
Barista ba ta ɗaga murya ba.
Ta juya wayar, ta buɗa hoton da yatsu biyu,
ta nuna kwanan watan da ke ƙasa.
Baba ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Tsagar ba ta goge ba.

"To gilashin taga fa?"
Na ce wannan gaskiya ne,
Mati ne da ƙwallonsa, ran wata Asabar.
A cire dubu huɗu.
Baba ya dube ni, karo na farko a shekara huɗu,
kamar yau ya san ina da fuska.

Hamsin da shida suka shigo kafin la'asar.

Yanzu muna Agege.
Kafin in shimfiɗa ko tabarma
na bi bango huɗu da waya, kusurwa kusurwa,
har ƙofar bayi da ƙusar labule.
Sabon mai gida na dariya: "Ɗan jarida ne kai?"
Na ce a'a, Baba.
Ɗan haya ne.