Sawun Gizago

Bayan sadakar bakwai muka buɗe adakar Baffa Mijinyawa.
Warin kafur ya fara fitowa, sannan kayan:
farar rigar kuku da maɓalli biyu suka rage mata,
cokali mai yatsu, yatsa ɗaya ya karye,
takardar shaida daga Baturen gyaɗa na Ringim
wanda ya soya wa dankali shekara goma sha ɗaya,
da ahu da sisi, waɗanda ko goro ba za su saya ba yau.

Can ƙasa, an shimfiɗa don kada tsatsa ta ci tufafi,
wata tsohuwar mujalla.

Yaya Ilu ya buɗe, ya rufe,
ya yi a'uziyya sau uku,
ya miƙo mini da hagu: kai ta murhu.

Ban kai ba. Na zaga bayan rumbu.

Baturiya ce, ta ɗaura ciyawa a ƙugu
kamar ɗakin da aka fara wa baibaya aka bari,
da jan fure a bayan kunne.
Gara ta riga malamai zuwa wurin,
ta cinye abin da ya kamata a rufe,
ta bar murmushin.
Allah na tuba, na dube ta.
Amma itacen da ta jingina da shi ne ya riƙe ni.

Gunki ne, ya ɗara ta tsawo.
Baki kamar an tsaga ƙwarya,
haƙora a jere, idanu kamar faifai,
hannaye dafe da tumbi
irin na wanda ya ƙoshi, ko wanda yunwa ta murɗa.

Nafi'u, ɗana na sakandare, ya bi rubutun da yatsa.
Wai tiki sunansa,
wai daga wasu tsibirai a tsakiyar teku
inda in ka tsaya babu ƙasa gabas, babu yamma.
Na ce, na waye? Wa ke yi masa yanka?
Ya duba gaba, ya duba baya.
Baba, ba su faɗa ba.
Sunan matar kawai suka sa, da awon ƙugunta.

Shekarata arba'in ina sassaƙa turmi.
Na san ƙirya tun tana tsaye,
na san inda gizago ke zamewa in hankali ya tafi gida.
Na kai hoton hasken rana,
na nemi sawun hannu a kumatun nan.
Babu.
Sumul, kamar butar roba.
Wanda ya yi wannan bai taɓa jin tsoronsa ba.
Tekun da ke bayansu ma zane ne a jikin ƙyalle,
ga alamar ninki ta ratsa gajimare.
Ita kuwa yarinyar, tsigar jikinta a tashe take.
Sanyi take ji, an ce ta yi dariya.

Kakan kakana yana da wani dutse a gindin tsamiya,
ba ma faɗa a masallaci.
Ya bar shi, mun gode Allah.
Amma ko da ya bar shi,
bai ba wa kowa aronsa ya ɗora gwiwar hannu ba.

Bara wani mai mota ya tsaya a ƙofar gidanmu,
ya sayi turmin Inna, wanda ya tsage,
kuɗin sabo uku ya ba ni.
Wai otal zai kai, a zuba masa furanni.
Na ƙirga kuɗin sau biyu ina masa dariya a zuci.

Yanzu ina bayan rumbu, takarda a hannu,
Yaya Ilu yana kira, ka ƙona?
Na ce, saura kaɗan.
Ina tunanin turmin da ya ci geron gidanmu shekara hamsin,
ko wa ke jingine da shi a daren nan.