Goma Ta Riga Biyar

A garejin Delbert Kuehl, can Wiskonsin,
dusar ƙanƙara ta toshe rabin ƙofa.
Injuna goma sha ɗaya jere kan kanta,
kowanne bai fi kankana girma ba,
da su 'yan motocin tsere suka yi ƙara
tun gashin kansa na baƙi.

Jikarsa Marnie ta zo da biro da littafi,
za ta jera su bi da bi kafin gwanjo.
"Kaka, biyar ce farko, sai shida, sannan goma."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"A gidan Makulok goma ce babbar ya.
Biyar da shida a bayanta suka zo,
kar ki tambaye ni dalili,
masu raɗa sunan ba su yi shawara da ni ba."

Ta soke layin. Ya ɗauko wani,
ya goge ƙura da gefen hannun riga.
"Wannan na jiharmu ne, ba ya ɓoye-ɓoye.
Ɗari biyar da tamanin,
faɗin cikinsa ke nan, biyar da ɗigo takwas.
Wancan ƙaton, ɗari takwas da ashirin,
shi ya jefar da ni cikin dami a kwana ta uku,
ga haƙorin da ya ci mini."

Harafin da ke wutsiyar lamba fa?
"An taɓa wani abu ne a ciki,
kamar mutum ya sake hula ya ce shi sabo ne."

Sai na ƙarshe, can kusa da gwangwanin mai,
baƙi ƙirin, an kankare lambarsa.
Kan wani, cikin wani, ƙusoshin na uku,
shi da ƙanensa Rollie suka harhaɗa shi
a daren da wuta ta ɗauke.
Rollie ya shekara tara a ƙasa.

"Me zan rubuta?"
Ya daɗe yana juya filogi a tafinsa.
"Rubuta Talata.
Ba ya tashi sai ran Talata,
tseren kuwa Lahadi ake yi."

Ta rubuta. Ta ja layi wajen farashi.
Ya karɓe biron, ya sa a aljihu,
ya ce ta duba ko shayin ya tafasa.