Gidan Baba a Rijiyar Ɗorowa

Baba ya bar mani ɗaki huɗu
da kwanon da ya ɗora
shekarar da ya kwashe azara.
Tun ran nan bazara ta tare da mu.
Azahar na yi, ɗaki ya koma tanda,
fanka na tuƙa wuta,
mita na cin kati kamar gara a rumbu.

Na kira Nomau magini.
Ya dubi sama, ya tsartar da goro:
"Ba kuɗɗi gidan ga ka so ba, lumfashi."

Muka buɗe tagar arewa
da aka toshe tun ina yaro.
Asabari shida ƙarƙashin kwano,
farin fenti bokiti guda a bisansa.
Na kwance ƙwayayen lantarki masu ƙuna,
na ɗaura farare masu cin kaɗan.

Inno ta yi mana dariya,
ta kafa randarta cikin jiƙaƙƙen yashi:
"Wagga ba ta san an ɗauke wuta ba."

Yanzu kati na kwana biyu bai mutu ba.
Na yi barcin rana, ban tashi a jiƙe ba.
Dogon yaron da na dasa yamma da ɗaki
bai kai gwiwata ba tukuna.
Inuwarsa ta jikana ce.