Kujerar Baya

Da jijjifi na kai shi filin jirgi.
Hanyar Lugbe ba kowa sai mata masu shara
da tankar da ta kife a gefe tun jiya.
Bai ce uffan ba har muka wuce Gosa,
can ya ce, "Saje Barau, sassauta ƙafa,
yaƙin ba zai ƙare kafin mu isa ba."

Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina kallon rabin fuskarsa a madubi.
Na san tarinsa na fushi, na san na mura.
Wanda ya yi yau baƙo ne a kunnena.

Fareti gajere suka yi masa,
begila ɗaya, tuta ta sha raɓa ta ƙi tashi.
Ya taka matakala bai waiwayo ba,
haka yake, ko makabarta ya je.

Na lulluɓe taurarin lamba, na juyo da mota wayam.
A ƙofar bariki wani kurtu
ya ƙame, ya sara wa kujerar baya.
Ban gyara masa ba.

Bayan la'asar waya ta shigo.
Hajiya Tabawa ta buɗe murya don kowa ya ji,
har kuku ya fito da ludayi a hannu.
Ya sauka, in ji shi,
a ƙasar da sunanta ke harɗe mini harshe.
Titin jirgin duk faci ne, kamar wandon makaniki.
Wanda zai gada ya rame, kakinsa na reto,
ya miƙa masa taswira mai tabon shayi
da takardar sunaye, wasu an ja musu layi.
Rundunar harshe bakwai ce, tukunya ɗaya.
Wani yaro ɗan Gindiri ya fita daga sahu
ya tambaye shi ko an yi shuka a gida.

Sai layi ya yanke.
Hajiya ta ci gaba da cewa "Na'am? Na'am?"

Ni ma na taɓa kwana a rami, ina farabiti.
Na san yadda ake tarbar sabon kwamanda:
ba kafaɗa muke duba ba, takalmi.
In mako ya zagayo yana ta ƙyalli,
sai kowa ya rubuta wasiyya.
Nasa, ni shaida ne, ba ya jimawa da tsabta.
Abin da ke kwantar mini da hankali ke nan,
shi ne kuma ke hana ni barci.

Da magariba na ɗauki tsumma, don sabo.
A lungun kujera, inda yake jingina gwiwar hannu,
ga ɓarin goro da sawun haƙori,
ga tabaraunsa na karatu,
mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare.

To, da me zai karanta sunayen?
Wa zai ce wa, "Matso da fitila"?

An ce jirgin kaya zai tashi ran Alhamis.
Na naɗe shi a hankici, na sa cikin kilishi.
Kafin nan, kullum da safe zan ta da inji
minti goma, kada batir ya mutu,
in gyara madubi daidai inda fuskarsa take.