Rishon Baba Nomau

Ƙarfe biyun dare a Ƙaura Namoda.
Marka ta kwana uku ba ta ɗauke ba,
NEPA kuwa tun Talata ta yi sallama.
'Yan tsaki ɗari da ashirin a kusurwar shago
sun dunƙule kamar curin auduga,
na sama suna tattake na ƙasa.
Da bashi na sayo su, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Na jawo rishon Baba Nomau daga ƙarƙashin gado,
mai tulun tagulla, mai famfo a kwiɓi,
wanda ya raka shi gadi shekara ashirin a tashar reluwe.
Na tsiyaya sifirit a ɗan kaskonsa, na ƙyasta ashana,
na jira kan ya yi zafi, na buga famfo goma.
Ya yi gurnani. Shuɗiyar wuta ta miƙe.
Ban rufe baki da hamdala ba
ta koma ja, ta yi rawa, ta yi tari,
ta bar ni da hayaƙi.

Labbo na fara zargi.
Na juye kananzir ɗinsa a kwalba, na haska tocila,
ina neman ruwan da ya kwanta a gindi.
Babu. Tas yake kamar hawaye.
Labbo, ka yafe mini, na zage ka a zuci.

To, ko hancin ne ya toshe?
Na warware wayar birkin keke, na zare sili ɗaya,
na lalubi ƙofar da ido ba ya gani,
na soka, na murza,
sai ga baƙin datti bai kai ƙwayar gero ba.
Na sake kunnawa.
Ta daɗe tsawon alwala ɗaya, ta tafi.

Na zare famfon. Fatar bakinsa ta bushe kamar kilishi.
Na jiƙa ta da man gyaɗa, na mulmula da yatsa
har ta saki jiki.
Yanzu famfo yana musu da hannuna, yadda ya kamata.
Wutar ta tashi da ƙarfinta,
sannan ta dinga ƙanƙancewa a gabana
kamar mai jin kunyar baƙo.

Ɗaya ya miƙe ƙafa. Na ajiye shi gefe.
Sai wani.

Ban ji shigowar Tumba ba.
Shekararta tara, ta ɗebi tsaki bakwai ta zuba a zane, ta rungume,
ta tsuguna, ta karkatar da kai.
"Baba, wanga abu hwa yana huci ko babu wuta."

Na yi shiru. Ruwa a kan kwano, kukan tsaki,
can ƙarƙashinsu wani siririn tsaki na daban,
irin na tsohon da aka ƙi saurara.
Na shafa kumfar sabulu a wuyan murfin tulu.
Ƙwai ya taso, ya fashe. Wani ya biyo shi.

Wosha ce. Ba ta kanti ba,
fata ce da aka yanka da wuƙa, gefenta karkace,
na gane hannun, bai taɓa iya yanka da'ira ba.
Ta tsage gida biyu a tafina.

Na kwance bel ɗina.
Na ɗora kwabo a kai, na bi gefensa da reza,
na huda tsakiya da ƙusa.
Tawa ma ta karkace.

Sifirit. Ashana. Jira.
Famfo goma.
Tumba tana ƙirga numfashi, ni ina kallon bango
don kada idona ya kashe ta.
Gurnanin bai sauka ba.

Na ɗan buɗe taga saboda hayaƙi.
Curin ya fara warwarewa,
wannan ya nufi ruwa, wancan ya caki ɗan'uwansa.
Ɗari da sha bakwai.
Tumba ta yi barci a kan buhun dusa.

Da ladan ya kira assalatu na miƙe,
hannu ɗaya riƙe da buta,
ɗaya riƙe da wando.