Jinginar Muntari

A shagon Rabe, bayan Ƙofar Ƙaura,
yara na ta ihun "Ta shiga!"
Ƙwallo ce a gilashi, ba gumi, ba targaɗe,
kowa ya haddace sunayen 'yan wasan.
Ni shagona na gefe,
mai gyaran kwamfuta, mai warin dalma,
na fi sanin ciwon inji da na mutane.

Ran wata Laraba Muntari ya shigo,
ɗan maƙwabta, mai karatu can hanyar Dutsin-ma.
Na gyara masa, ya laluba aljihu, wayam.
Ya ajiye filasha kamar ƙwallon dabino:
"Baba Sada, riƙe wannan jingina,
wasanni ne, irin waɗanda ba a tallarsu."

Na ce, ni da furfura, me zan yi da wasan yara?
Dare ya yi, an kawo wuta, ba aiki.
Na soka ta.

Na farko, tsohuwa ce mai raba wasiƙu
a garin da ruwa ya cinye rabinsa.
Ba bindiga, ba maki.
Ka tuƙa kwalekwale, ka yi sallama a ƙofa,
wani ya amsa, wani ya riga ya tashi.
Na zauna da wasiƙa ɗaya da ba mai karɓa
har shayina ya huce.

Akwai wani kwaɗo mai tsalle cikin lissafi,
ban gane kansa ba, na rufe,
Allah ya ba mai shi haƙuri.

Sai wani da bai kai nauyin hoton biki ba,
zanensa kamar na ɗan firamare.
Tela ne kai, jajibirin Sallah,
riguna sha bakwai, keke ɗaya,
wuta na zuwa tana ɗaukewa,
masu kaya sun cika ƙofa,
dole ka zaɓi wanda za ka ce wa "bayan Isha'i."
Na yi dariya har Rabe ya leƙo.
Da na gama, suna ɗaya tak ya hau allo:
Barira, daga Daura,
"Godiya ga yayata da ta ara mini kwamfutarta."
Ashe da gaske ne,
ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Na ƙarshen ne ya hana ni barci.
Ɗaki ne kawai, da tsoho a ciki, kai ne tsohon.
Kowane kaya da sunansa rubuce a jiki:
buta, tabarma, rediyo, sanda.
Kullum gari ya waye, suna ɗaya ya goge.
Buta ta koma "abin nan."
Sanda ta koma "abin can."
Sai mutane suka fara shigowa gaisuwa,
fuskoki masu murmushi,
a ƙarƙashinsu fili fari.
Na danna ko'ina, na nemi dabara.
Ba a cinye shi. Zama kawai ake yi.

Mahaifina yana Rafindaɗi.
Shekara biyu ke nan yana kirana Abashe,
sunan ƙanensa da ya rasu ban ko yi wayo ba.
Kullum sai na gyara masa:
"Sada ne, Baba, Sada,"
da muryar mai gyara da inji ya gagara.

Batir ya mutu wajen ƙarfe biyu.
Na zauna a duhu, fuskata a baƙin gilashi.

Da safe na sayi ƙosai na tafi.
Ya ɗago: "Abashe, ka zo?"
Na ce, "Na zo, Yaya."
Ya matsa mini a tabarma.

Muntari ya dawo ran Asabar da kuɗinsa a hannu.
Na ce ya mayar aljihu,
ya dai ƙaro mini wasu in ya samu,
ban da kwaɗon.

A shagon Rabe an sake cin ƙwallo.