Katakon Madaci

Ranar Asabar da la'asar, a shagona na Wusasa,
Sila ya ja zarto a inda ban zana ba.
Katakon madaci ne, wata uku ina tanadinsa
don gyaran mumbarin majami'armu.
Ya gajarta da taƙi ɗaya.
Taƙi ɗaya kacal.

Na buɗe baki a gaban yaran shago.
Abin da ya fito ba zan sa shi a takarda ba.
Magana zarar bunu ce, ni kuwa na zare rufin ɗaki guda.
Yaron bai yi kuka ba,
ya ɗauki tsintsiya ya hau sharar garin katako
a wurin da ya riga ya share.

Da dare Afiniki ta ajiye tuwo, ba ta ce uffan ba.
Shekara goma sha shida muna tare,
na san shirunta kala-kala, wannan mai nauyi ne.
Ranar Sila ce ta karatu a addu'ar iyali,
ya karanta kamar mai tafiya a kan ƙaya.
Ni kuwa na rufe ido na zuba doguwar addu'a:
na tuna da majinyatan asibiti,
da gwauraye, da marayu, da matafiya a hanyar Funtuwa,
na tsallake yaron da gwiwarsa ke gogar tawa.
Ban ji aminsa ba.

Mahaifina, Malam Barnaba, ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Sabon Gari.
Bai taɓa fashin sujada ba,
bai kuma taɓa ce wa ɗansa "yi haƙuri" ba.
In ya san ya wuce gona da iri
sai ya dawo da tsire a naɗe cikin jarida,
ya ajiye a bakin ƙofa, ya juya baya.
Mun ci naman, ƙayar tana nan.
Na sha alwashin ba zan gaje shi ba,
sai ga muryarsa jiya a maƙogwarona,
ko tsatsa ba ta yi ba.

Lahadi ta waye, ranar Jibin Ubangiji,
ina cikin dattawan da za su raba gurasa.
Na sa farar rigata, ta yi mini nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.
Muna tafe, dutsen Kufena yana kallonmu daga nesa,
Sila a bayana, taku uku tsakani,
ƙararrawa ta buga ta farko.
Na tuna da mai tallar ƙosai a kwana,
har hannuna ya shiga aljihu.
Na fito da shi babu komai.

A gindin tsamiya na tsaya.
Shekara arba'in da bakwai, ban san harshe yana da nauyi haka ba.
Na ce, "Sila, na yi maka laifi jiya.
Katako ne ya lalace, ba kai ba.
Ka gafarta mini."

Ya dubi takalminsa, ya dubi uwarsa,
ya rasa inda zai ajiye ubansa da ya dawo ƙarami.
Can ya ce, "Baba, za mu makara."
Amma taku ukun nan sun ɓace,
kafaɗarsa tana bugun hannuna har ƙofar majami'a.

Ban riƙe komai daga wa'azin ranar ba.
Na dai san gurasar ba ta tsaya mini a wuya ba.

Litinin muka koma kan katakon nan.
Bai isa mumbari ba, ya isa kujerar tsugunno.
Shi ya auna, shi ya yanka, ni na riƙe masa.
Yanzu a kanta Afiniki ke zama tana tuƙa tuwo.
In ka kifa ta za ka ga karkataccen yankan nan.
Sila ya so ya goge shi,
na ce ya bar mini.